Agogon furosesa da agogon aiki: abin da na gano wajen saita su a Linux

Buƙatar ƙarama ce. Muna da wata manhajar C da ke tace bayanan gwajin gona, tana gudana a kan wata laftof a Samaru, ta raba aikinta gida huɗu, kowane kaso yana tafiya a zarensa (thread, wato layin aiki mai gudana da kansa a cikin manhajar). Na so in san lokacin furosesa da kowane zare yake ci a kowane zagaye, don haka na yi niyyar mayar da agogon sifili kafin a fara zagayen.

Linux na da agogo biyu na wannan aiki. CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID yana tara lokacin da dukkan zarukan manhajar suka yi a kan furosesa, shi kuwa CLOCK_THREAD_CPUTIME_ID na zaren da ya yi tambayar ne kaɗai. Karanta su da clock_gettime ba wuya. Da na kira clock_settime don in mayar da su sifili sai ta dawo mini da -1. Na sake gwadawa da sudo, umarnin da ke ba ka ikon root, mai cikakken iko a kan na'urar, amsar ba ta canza ba. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsare irin na Unix ke bi, ta bar ƙofa a buɗe ga mai izini ya saita waɗannan agogai, amma kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji furosesa, bai ba kowa wannan izini ba, har root.

Dalilin da ya sa wasu tsoffin rubuce-rubuce ke nuna ana iya saitawa yana da tarihi. Kafin Linux 2.6.12, kanel ba ya riƙe waɗannan agogai, sai glibc, ɗakin karatun C da manhajojin Linux ke dogaro da shi, ta riƙa ƙirƙirarsu daga maƙirgar da ke cikin furosesa: TSC a na'urorin i386, AR.ITC a Itanium. Daga glibc 2.4 aka koma tambayar kanel. Da na ga haka sai na ce bari in bi tsohuwar hanyar da hannuna, in karanta TSC kai tsaye. A nan ne aikin ya koya mini hankali.

TSC maƙirga ce mai bit 64, ta zo tun zamanin Pentium na 1993. Umarnin rdtsc ne ke karanta ta, a GCC kuma, manhajar da ke haɗa lambar C, __rdtsc() da ke cikin x86intrin.h ya wadatar. Bugu take ba ka, ba daƙiƙa ba, saboda haka dole ka san bugu nawa ke cikin daƙiƙa ɗaya. Kada ka ɗauki lambar "cpu MHz" ta /proc/cpuinfo, domin tana hawa tana sauka. Na auna nawa ne da CLOCK_MONOTONIC_RAW: na karanta agogon da TSC tare, na jira daƙiƙa ɗaya, na sake karantawa, na raba. Na maimaita sau biyar na ɗauki ta tsakiya.

Kuskurena na farko a lissafi ne. Na ninka bugun da biliyan ɗaya kafin in raba da gudun, don in sami nanodaƙiƙa. Lamba mai bit 64 iyakarta wajen biliyan 18 sau biliyan ɗaya. A gudun gigahaz 3, cikin daƙiƙa shida da 'yan kai ninkin ya cika ya zube, sai sakamako ya dawo ƙarami kamar yanzu aka fara. Gajerun gwaje-gwaje duk sun fito daidai, dogayen ne suka lalace, shi ya sa na daɗe ban gano ba. Maganinsa unsigned __int128 a wurin ninkin.

Babbar matsalar kuwa ba ta gyaruwa da lissafi. TSC ba ta san zarenka ba. Na sa sleep(2) a tsakiyar aikin: TSC ta nuna daƙiƙa biyu cur, agogon zare na kanel kuwa da ƙyar ya motsa. Haka abin yake duk lokacin da kanel ya sauke zarenka ya ɗora wani, ko kana jiran faifai: maƙirgar na ci gaba da bugu, kai kuma kana rubuta lokacin wani a kan naka. Kanel ne kawai ya san sa'ar da ya ɗora ka da sa'ar da ya sauke ka. Gwajin zare huɗu ya ƙara fito da bambancin. Kowanne ya yi lissafin daƙiƙa ɗaya a ƙwayarsa (core, sashen furosesa mai aiki da kansa), TSC ta ce daƙiƙa ɗaya ta wuce, agogon manhaja ya ce kusan huɗu, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa, tambayar da suke amsawa ce ta bambanta.

Sai batun wuta, wanda duk mai aiki a Zariya ya san shi. Da an ɗauke wuta laftof ta koma batir, furosesa na rage gudu. Haka ma a zafin watan Afrilu in fanka ta gaza. A tsoffin furosesa TSC na bin wannan canjin, sai awon da ka yi da safe ya tashi a banza da rana. Duba layin flags a /proc/cpuinfo: constant_tsc na nufin bugun ba ya bin canjin gudu, nonstop_tsc kuma ba ya tsayawa in ƙwaya ta yi barci mai nauyi. In akwai su biyun, TSC agogo ce mai kyau, amma ka sani ta daina ƙirga zagayen aikin furosesa (cycles) na ainihi. Mai son wannan sai ya nemi perf_event_open da PERF_COUNT_HW_CPU_CYCLES, wanda kanel ke tsayar masa da ƙirga idan an sauke zaren. Wani lokaci sai ka sassauta /proc/sys/kernel/perf_event_paranoid kafin ya yarda.

Ƙaura tsakanin ƙwayoyi ita ce ta kashe tsohuwar hanyar glibc, domin maƙirgar ƙwayoyi biyu na iya saɓawa. Na ɗaure zaren a ƙwaya ɗaya da sched_setaffinity, taskset -c 2 ma na yi daga waje. Na kuma koma rdtscp, wanda ke dawo da lambar ƙwayar tare da bugun, in ta canza tsakanin farko da ƙarshe sai in zubar da awon. Ka sa umarnin lfence, mai hana umarni tsallake juna, kusa da karatun, don furosesa na iya gabatar da wasu umarni ko ya jinkirta su.

Abin da na tsaya a kai a ƙarshe layi kaɗan ne. Kowane zare na karanta CLOCK_THREAD_CPUTIME_ID a farkon zagaye ya ajiye a nasa wurin, a ƙarshe ya sake karantawa ya debe. Wannan shi ne mayarwa sifilin da nake nema tun farko. Wajen debewa ka lura da tv_nsec, in ta fito ƙasa da sifili ka ara daƙiƙa ɗaya daga tv_sec. Zaren da ke sa ido kan saura yana samun agogonsu ta pthread_getcpuclockid. Kiran yana shiga kanel kowane lokaci, don haka ya fi rdtsc tsada, ban sa shi cikin madaukin da ke juyawa sau miliyoyi ba. TSC na bar ta ga gajerun sassa na 'yan mikrodaƙiƙa, a zaren da aka ɗaure. A tsohuwar kwamfutar da glibc ɗinta bai kai 2.17 ba kuma, sai da na ƙara -lrt kafin manhajar ta haɗu.