Ma'auni Ɗaya Muka Riƙe, Amma Kowa da Tambayar da Yake Yi

Bincikenmu a kan ciwon da ke maƙalewa bayan tiyata ne. An yi wa mutum aiki, ɗinki ya kame, an sallame shi, amma wata uku, wata shida, wurin bai daina yi masa zogi ko suka ko ƙuna ba. Da can akan ce raki ne. Yanzu kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, ya ba wannan ciwo gurbinsa, ya kuma sa wata uku a matsayin iyakar da idan ciwo ya haura ta ya zama mai naci. An fi ganinsa bayan yanke ƙafa, buɗe ƙirji, cire nono saboda kansa, har da aikin gwaiwa da mutane ke ɗauka ƙaramin abu ne. Burinmu mu gane wanda zai faɗa ciki tun yana kwance a gadon asibiti, don a tare abin kafin ya zauna masa.

Jami'o'i uku ne suka haɗa hannu, kowace da asibitin koyarwarta. Akwai likitocin tiyata, likitocin sa barci, masu gashin ƙashi, masana halayyar ɗan Adam, mutanen ɗakin gwaji masu duba ƙwayoyin gado, da masanin ƙididdiga. Irin haɗuwar da John Bonica ya yi ta kira a yi ke nan, mutumin da ya tara masana a 1973 aka kafa ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya, IASP. Ni nas ce tun asali, kuma ni aka ɗora wa tattara bayanan asibitocin uku wuri ɗaya. Neman tallafi, izinin kwamitin ɗa'a, yarjejeniyar musayar bayanai, duk sun ci lokaci amma an yi su lafiya. Ba nan muka yi tuntuɓe ba.

Inda muka yi tuntuɓe layi ɗaya ne a cikin kundin tsarin aikin. Cewa ya yi a auna ciwon majinyaci a kwanakin farko bayan aiki da ma'aunin 0 (babu ciwo) zuwa 10 (ciwo mafi tsanani). Shi ke nan. Manyan farfesoshi sun karanta layin nan, sun sa hannu, babu wanda ya tambaya: a auna yaushe, yana kwance ko yana motsi, kafin a ba shi magani ko bayan an ba shi? Alhali duk ginin binciken a kan wannan lamba yake, domin an daɗe da sanin cewa tsananin ciwon kwanakin farko na cikin manyan alamomin wanda ciwonsa zai yi naci.

Da aka yi nisa, masanin ƙididdigarmu ya leƙa bayanan, sai ga asibiti ɗaya lambobinsa sun yi ƙasa ƙwarai. A nan ne kuma likitocin sa barci suka fi yawan yi wa majinyata allurar kashe jijiyar wurin da za a yanka. Ai kuwa murna ta ɓarke. An fara maganar maƙala, an fara zancen taron da za a kai sakamakon. Gaskiya ni ma raina ya yi fari, don ba kullum ake samun abin da zai rage wa mutane wahala ba. Wata mai gashin ƙashi a cikinmu ce kaɗai ta ƙi yin murna. Ta ce ta taɓa aiki da marasa lafiyan wannan asibiti, kuma yadda suke dafe ciki idan za su tashi bai yi kama da na masu ciwon 2 ba.

Na je na bi nas ɗin da ke cike fom a zagayen safe. Ta tsaya gaban wani dattijo da aka yi wa aikin ciki, yana kwance shiru, bai daɗe da shan maganinsa ba.

"Baba, ina kwana? Yaya jikin? Daga 0 zuwa 10, nawa ne ciwon yanzu?"

"Da sauƙi, 'yata. Ki sa 2."

Ta rubuta 2, kuma ba ta yi kuskure ba. Na nemi izininta, na ce, "Baba, don Allah ɗan yi tari mu gani." Ya yi tari, ya runtse ido, ya kama ƙarfen gado. Da ya dawo hayyacinsa na sake tambayarsa. Ya ce, "Wannan kam ya kai 7."

Mutum ɗaya, gado ɗaya, tsakani bai fi minti guda ba. A asibitinmu masu gashin ƙashi ne suka horar da masu cike fom, don haka sai majinyaci ya tashi zaune ko ya yi tari ake tambayarsa. A asibiti na uku kuwa, da na bincika, sun saba da takardar tambayoyin nan ta Charles Cleeland da ake yawan amfani da ita ga masu kansa, suna tambayar mafi tsananin ciwon da mutum ya ji cikin awa 24 da suka wuce. Tambayoyi uku daban muka zuba a layi ɗaya na kwamfuta muna kiransu abu ɗaya. Kamar a ce a auna tsayin mutane, wasu a tsaye, wasu a zaune, wasu a kan kujera, sannan a yi shelar an gano gajerun mutane.

Kuma bambancin ba na wasa ba ne. Ciwon da motsi ke tayarwa shi ne ke hana mutum numfashi mai zurfi, ya hana shi tari, ya hana shi sauka daga gado. Nama da aka yanka yana sa jijiyoyin wurin su ƙara saurin jin zafi, kuma tun 1983 Clifford Woolf ya nuna cewa lakar ƙashin baya ma kanta takan ƙara kaifi bayan rauni, har abin da bai kai ya kawo ba ya zama ciwo. Wannan kaifin ba ya cika bayyana a jikin wanda ke kwance bai motsa ba. Wato abin da muka fito nema, a asibiti guda ba a taɓa auna shi ba sam. Binciken John Farrar da abokan aikinsa na 2001 a kan masu ciwo mai naci ya nuna cewa raguwar maki 2, ko kashi 30 cikin 100, ita ce majinyaci ke ji a jikinsa cewa ya samu sauƙi. Mu kuwa yadda ake tambaya kaɗai yana iya motsa lambar fiye da haka.

Masanin ƙididdigar ya yi iya ƙoƙarinsa, amma lissafi ba ya ƙirƙiro amsar tambayar da ba a yi ba. Bayanan zangon farko ba su haɗuwa. Jinin da aka ɗiba yana nan jere a firiza, kowace kwalba da lambarta, amma me za a kwatanta ƙwayoyin gadon da shi? Wani ɗalibin digirin digirgir da ya ɗora kundinsa gaba ɗaya a kan waɗannan samfura sai da ya sake tsara aikinsa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne majinyatan. Mutum yana jiran a shiga da shi ɗakin tiyata, gabansa na faɗuwa, ka zo masa da takardar amincewa, ya sa hannu, ya miƙa hannu a ɗebi jininsa don a taimaki na baya. Amanar da ya ba mu ke nan, mu kuma layi ɗaya da ba a rubuta da kyau ba ya sa muka kasa riƙe ta yadda ya kamata.

Idan na tuna tarukan da muka yi kafin a fara, raina yakan ɓaci. An kwashe sa'o'i ana ja-in-ja a kan sunan wa zai zo farko a maƙala, da jami'ar da za ta ajiye samfura, da rabon kuɗin tallafi. Ko sau ɗaya ba a gayyaci nas ɗin da za ta tsaya a bakin gado ba. Da abin ya fito fili, wani babba a cikinmu ya fara cewa ma'aikatan jinyar can ba su da horo. Ban iya yin shiru ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka rubuta musu suka yi. Da mun zaunar da nas ɗaya daga kowane asibiti muka ce kowace ta nuna yadda take tambaya, da tun ranar mun gani." Ya yi shiru, daga baya kuma shi da kansa ya kawo shawarar a sa su cikin kwamitin.

Mutane na sha'awar ɓangaren ɗakin gwaji, kuma da dalili. Ronald Melzack da Patrick Wall sun sauya tunanin duniya a 1965 da suka ce laka na da ƙofar da ke rage ko ƙara saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa. David Julius da Ardem Patapoutian sun karɓi kyautar Nobel a 2021 saboda gano na'urorin jikinmu masu jin zafi, sanyi da taɓawa. Duk da haka har yau babu gwajin jini ko hoton da zai gaya maka nawa ne ciwon mutum. Sai ka tambaye shi. Shi ya sa ma'anar ciwo da IASP ta sabunta a 2020 ta jaddada a mutunta abin da mutum ya faɗa game da ciwonsa. Duk tsadar injin da ke ɗakin gwajinka, a kan bakin nas da amsar majinyaci yake tsaye, kuma nan ne wurin da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ga wanda zai shiga irin wannan aiki, ka rubuta tambayar kalma bayan kalma, kada ka bar ta a "a auna ciwo". Mu yanzu lamba biyu muke ɗauka, ta kwance da ta motsi, kuma motsin ƙayyadadde ne ga kowane irin aiki: tari ga wanda aka buɗe wa ciki ko ƙirji, ɗaga hannu ga wadda aka yi wa aikin nono. Ana rubuta lokacin da aka ba da magani na ƙarshe kusa da lambar. Idan majinyaci bai iya amsawa ba, a bar gurbin fayau. Ba a yarda nas ko ɗan'uwa ya kalli fuska ya ƙiyasta ba. Masu cike fom na asibitocin uku suna ziyartar juna, kowa ya tsaya ya kalli ɗan'uwansa yana aiki. Sannan kada ka jira bayanai su taru kafin ka raba su asibiti-asibiti ka duba. Tun a makonnin farko za ka yi, kuma duk asibitin da sakamakonsa ya yi kyau fiye da kima, ka tashi ka je ka gani da idonka kafin kowa ya fara rubuta maƙala.

Mun kuma sa mutane biyu masu fama da ciwon bayan tiyata a kwamitin, abin da ya kamata a yi tun farko. Ɗayarsu ta karanta tambayoyin da muke yi ta waya bayan wata uku, ta ce, "Sista, kun tambaye ni lamba, ba ku tambaye ni ko ina barci ba, ko ina iya sa riga ba tare da ta ƙona ni ba." Mun ƙara su.

Tsofaffin bayanan ba mu zubar ba, ana amfani da su a cikin kowane asibiti shi kaɗai. Maganar allurar kashe jijiya kuwa tana nan a buɗe. Mai yiwuwa tana hana ciwon naci, kuma ina fatan haka ne, amma sai majinyatan da muka ɗauka da sabon tsari sun cika wata uku, an kira su ɗaya bayan ɗaya, kafin wani a cikinmu ya sake buɗe baki a kanta.