Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙauyen Kansas da Zauren Malam

Makon jiya na tsaya a inda jirgi ya sauke mu, kuma wasu sun aiko suna cewa in yi sauri in kai su ga maganar aurena da Hajiya. Za a zo wurin in Allah ya yarda. Amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, gara in fitar da ita tun ina da sauran numfashi.

Jami'ar da aka tura mu tana garin Manhattan, amma ba Manhattan ta New York mai dogayen benaye ba. Wannan ta jihar Kansas ce, can tsakiyar Amurka, inda alkama da dawa da shanu suka fi mutane yawa. Akwai dalilin da ya sa can aka kai mu. Tun shekarun 1960 Jami'ar Jihar Kansas ke da hannu wajen kafa sashen aikin gona da na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, da tallafin hukumar USAID, kuma wasu daga cikin Turawan da suka koyar da mu a Samaru daga can suka zo. Don haka mu 'yan dabbobi, in an ce ƙaro karatu, Kansas ake nufi.

Da na sami natsuwa sai na ɗauki hotuna na aika gida. Me ke cikinsu? Ni ne tsaye jikin shinge, shanu a bayana. Ni ne gaban wani dogon rumbun siminti da ake tara hatsi. Ni ne a gonar dawa, domin na yi mamakin ganin dawa a ƙasar Turawa, gajeruwa iya ƙugu, wadda su shanu suke ba wa. Gwaggo ce ta ba ni labari daga baya, cewa da hotunan suka isa aka taru a zauren Malam ana miƙa wa juna, Yaya ya juya su ya juya, ya ce, "Wannan ai Shika ce. Yaro ya ci kuɗin gwamnati ya tafi gonar Shika ya ɗauki hoto." Aka yi dariya, domin Shika gonar kiwon dabbobi ce ta gwamnati a kusa da Zariya. Daga ranar sunana a gidan nan ya koma Ba'amurken Shika, har 'ya'yansa da aka haifa bayan na dawo sun taso sun ji ana faɗa.

To, yau zan gaya wa 'ya'yan nasa abin da ke Shikar.

Wani abokin karatuna, mahaifinsa makiyayi ne a gundumar Chase, shi ya riƙa ɗaukata zuwa gidansu in an sami hutu. Daga Manhattan mu kan bi hanya mai lamba 177 mu yi kudu, cikin tuddan da ake kira Flint Hills. Ciyawa ce zalla har iya ganin ido, domin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar ya hana garma shiga, shi ya sa wurin ya tsira daga noma ya zama makiyaya. Duk bazara, wajen watan Afrilu, su kan sa wa ciyawar wuta da gangan don sabuwa ta tsiro, ka ga hayaƙi ya rufe sama. Na ce wa abokin nawa, mu a gida muna ta wa'azi a daina ƙona daji, ku ga ku nan da digiri kuna ƙonawa. Ya ce nasu da lissafi ne, sai an duba iska.

Ƙarshen tafiyar shi ne garin Cottonwood Falls. Mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Titi guda ne mai faɗi, sunansa Broadway, an shimfiɗe shi da jan bulo maimakon kwalta. Dama da hagu shaguna ne manne da juna: banki, mai aski, mai sayar da ƙusa da igiya da kayan gona, ɗakin shan kofi, ofishin jaridar gari mai fitowa mako-mako. Can ƙarshen titin kuwa, a kan ɗan tudu, ginin kotun gunduma ya tare hanya, na farin dutsen da aka fasa a yankin, da jan rufi da hasumiyar agogo. An gama shi a 1873, kuma shi ne ginin kotu mafi tsufa a jihar Kansas da har yanzu ake aiki a ciki. Wannan "har yanzu" ɗin ita ce maganar. Ba kulle shi aka yi ana nuna wa baƙi ba. A nan ake biyan haraji, a nan ake rajistar fili da aure, alƙali na zama a sama. Matakalar katakon da kakanninsu suka taka, ita suke takawa.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da yake yawan yi in ya ga an bar katanga ta zube: "Gari ba ya tsufa, mutanensa ne ke gajiya da shi." Muna yara mun ɗauka faɗan tsofaffi ne, don a tashe mu yaɓe kafin damina. Sai da na tsaya a kan jan bulon nan na ji maganar ta dawo mini da muryarsa.

Turawan birni su kan zo irin waɗannan garuruwa su yi ta ɗaukar hoto, suna cewa nan ce Amurka ta ainihi. Na daɗe ina lura da abin da suke gani. Tankin ruwa ne dogo da aka rubuta sunan gari a jikinsa, wanda za ka hango tun daga nesa tare da rumbun hatsi da tsinin coci. Gidajen katako ne masu baranda a gaba, da kujerar lilo, tsoho da tsohuwa na zaune da yamma suna gaida mai wucewa. Ba katanga, ba ƙyaure. Tuta a rataye a ƙofar gida. 'Yan kwana-kwanan garin duk 'yan sa-kai ne, in jiniya ta yi kuka mai aski zai ajiye almakashi ya ruga. Daren Juma'a in 'yan makarantar sakandare na wasan ƙwallonsu irin na Amurka, gari kan watse ya koma filin. A kan hanya duk motar da kuka yi kiciɓis, direban zai ɗaga maka yatsa daga kan sitiyari, ya san ka ko bai san ka ba. Amma duk wannan kwalliya ce. Abin da ke ƙarƙashi shi ne kowa ya san uban kowa. In ka ci bashi a shagon kayan gona, littafi ake buɗewa a rubuta, sai an sayar da shanu ka biya. Ni da na taso a unguwar da Inna ke aikena karɓo mai da gishiri a kan "ki rubuta", ban ga baƙon abu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce wannan ne abin da mai kuɗin New York ke tuƙo mota ya zo kallo.

Ranar gwanjon shanu ita ce ranar da na fi so, domin nan ne kawai na ji kamar ina kara ranar kasuwa, sai dai dillalin nasu yana kan dakali da lasifika, yana zuba farashi da saurin da ko Baturen ma sai ya saba yake ganewa. Tsofaffi da manyan huluna ba sa ɗaga hannu, ɗan gyaɗa kai kawai, an sayi garke. Mahaifin abokina ya sa na duba masa wasu 'yan maruƙa kafin ya taya, na ce kada ya taɓa biyu daga ciki, numfashinsu bai yi mini ba. Ya bi maganata. Daga baya ya riƙa gabatar da ni a ɗakin shan kofi da cewa ga likitansa daga Najeriya. Ina faɗin wannan ne don Yaya har ya koma ga Allah bai taɓa nuna mini ko akuya ya ce duba ba.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Ranar farko da na shiga ɗakin shan kofin nan, cokula suka tsaya. Babu baƙin mutum a wurin sai ni. Wani mai aski a wani gari da ke kusa ya dube ni ya ce bai iya irin gashina ba, alhali kujerarsa babu kowa. Kuma a kan hanyar tamu akwai garin Council Grove, shi ma tsohon gari mai kyan gani, zango ne a kan tsohuwar hanyar fatake ta Santa Fe, da gidan abinci na Hays House da ke nan tun 1857. Ƙasar wurin ta ƙabilar Kaw ce, waɗanda daga sunansu jihar Kansas ta samo suna. A 1873 aka kwashe su aka kai su yankin da yanzu ake kira Oklahoma. Ku duba shekarar. Ita ce shekarar da aka gama ginin kotun da nake ta yabo. Masu ɗaukar hoto ba su cika tambayar wannan ba.

Duk da haka ba zan ci amanar tsohuwar nan, mahaifiyar abokina, ba. Da ta gane ba na cin alade sai ta ware mini tukunya da cokali, ba tare da na roƙa ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1976 da aka kashe Janar Murtala, muna Manhattan muka ji, muka taru ɗakin wani ɗan Kano muka yi jugum. Kwana kaɗan sai ga ta da mijinta sun tuƙo mota da kwanon abinci a rufe, wai ta ji a labarai an kashe shugaban ƙasarmu. Al'adarsu ce, in an yi rasuwa maƙwabta su kai abinci gidan. Na ce mata, "Mama, ai ba ɗan'uwana ba ne." Ta ce ta sani, in dai ci.

A shekarar nan ce kuma Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci, ranar 4 ga Yuli. Kowane ƙauye ya yi faretinsa: motar kashe gobara, taraktoci, 'yan makaranta da ganguna, kaboyi a kan dawakai, da dare wasan wuta. Dattijon ya tambaye ni, cikin alfahari, ko garuruwanmu sun kai haka daɗewa. Na gaya masa ganuwar Kano, tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, shekaru ɗaruruwa kafin Turawa su san da Amurka. Na gaya masa hasumiyar Gobarau a Katsina. Ya yi shiru, sannan ya ce lallai muna kula da su sosai. Na ce ƙwarai. A lokacin ban yi ƙarya da yawa ba.

Zauren Malam ya girmi kotun nan ko kuwa sa'anninta ne, domin kakan Malam ne ya gina shi. Daurin guga ne, da azara, da zanen magina a goshin ƙofa. A ciki aka yi wa dukanmu wankan suna, a ciki Malam ya karantar da almajirai, a ciki aka ɗaura auren Yaya kansa. Da zafi in ka shiga sai ka nemi mayafi. Ina bakin aiki a wata jiha, bayan rasuwar Baffa, aka aiko mini cewa Yaya ya sa an rushe shi ya fitar da shaguna a bakin titi. Ba a shawarce ni ba. Da na zo na yi magana, a gaban mutane ya ce, "Kai da ka je Amurka ka zauna a ƙauye, me ka sani game da ci gaba?" Na tuna masa maganar Baffa, cewa mutane ne ke gajiya da gari. Ya ce Baffa bai taɓa biyan kuɗin makarantar yara goma sha ba.

Zan yi masa adalci guda, tunda ba ya nan balle ya kare kansa. Wani ɓangare na abin da ya bar garuruwan Kansas da tsohuwar kamarsu shi ne mutane sun gudu. Gundumar Chase tana da mutum sama da 8,000 a 1900, yanzu ba su kai 3,000 ba. Injuna sun karɓe aikin gona, samari sun tafi Wichita da Kansas City, manyan kantunan bakin babbar hanya sun janye ciniki. Inda babu mai neman fili, babu mai rushe gini. Mu kuwa kullum ƙaruwa muke, titin gidanmu da a da jaki ke bi yanzu tirela ke bi, kowane taku na bakin hanya kuɗi ne. Wannan gaskiya ne. Amma ba ita ce dukan gaskiyar ba, domin garuruwa nawa ne a can da aka watse aka bar su suka ruɓe? Waɗannan sun zauna sun tara kuɗi sun gyara rufin kotunsu. Baffa ma ba kuɗi gare shi ba, amma duk shekara sai an yi wa zauren nan yaɓe, ko da kuwa mu ne za mu kwaɓa ƙasar da ƙafa.

Autana da ke karatu a Amurka yanzu, na matsa masa ya je ya gano mini garin. Ya kira ni ta bidiyo yana tsaye a kan Broadway. Jan bulon na nan, kotun na nan, wasu shagunan sun koma na sayar wa baƙi kayan tarihi. Ya ce tun 1996 gwamnati ta keɓe wani yanki na makiyayar kusa da Strong City ta mai da shi gandun da ake kiyayewa, har an dawo da ɓaunan Amurka ciki. Ya tambaye ni ko in an dawo gida za a iya nuna masa inda zauren Malam yake. Na ce ya tsaya tsakanin mai cajin waya da mai sayar da taya, ya yi taku uku zuwa gabas.

Kuɗin hayar shagunan nan, tun daga ranar da aka buɗe su har yau, ko kwabo bai shigo hannuna ba, kuma ban taɓa tambaya ba. 'Ya'yan Yaya da ke karanta wannan shafi, na san kuna karantawa, ku sani ba mantawa na yi ba. Mako mai zuwa zan koma kan wasiƙar da Baffa ya sa aka rubuto mini ina Kansas, wadda a ciki ya sanar da ni an yi mini mata.