Injin gwangwani da na haɗa, da abin da ya nuna min game da zafi da sanyi

Kowa ya san ana zuba fetur mota ta tafi, amma in ka tambayi mutum me ya faru tsakanin ƙonewar man da juyawar taya sai ya ce maka ai inji ne, shi kenan magana ta ƙare. Ni dai hakan bai ishe ni ba, so nake in ga abin da idona, shi ya sa na zauna na haɗa ƙaramin injin Stirling da gwangwani. Na zaɓe shi ne don babu filogi, babu bawul, babu wata fashewa a ciki, wutar ma daga waje take, komai a fili kana kallo. Wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotland, Robert Stirling, shi ya yi rajistar wannan ƙirar a 1816.

Kayan ba wasu masu yawa ba ne. Gwangwani ɗaya shi ne silinda, a cikinsa na sa dunƙulen soson ƙarfe mai laushi wanda na naɗe ya kusa cika faɗin gwangwanin amma bai taɓa bangon ba, na ɗaure shi da siririn zare mai santsi. A bakin gwangwanin na shimfiɗa robar balan-balan na ɗaure ta tam, zaren ya fita ta wani ɗan mitsitsin rami a tsakiya. Robar nan ita ce fistin ɗin injin, wato abin da iska ke turawa. Sai waya mai ƙarfi da na lanƙwasa ta zama kuranshaf, wato sandar da ke mayar da turi ya zama juyi, lanƙwasa ɗaya na jan zaren soson ɗaya kuma na haɗe da robar, da tsofaffin faifan CD a gefe guda don su ba shi nauyin da zai ci gaba da juyawa, kyandir a ƙasa, sannan wani gwangwani mai faɗi ya kewaye saman silindar na zuba ruwa a ciki.

In ka ɗan murza faifan da yatsa, soson ya hau sama sai ya kore iskar ciki ta koma ƙasa wajen wuta, ta ɗau zafi, matsinta ya ƙaru, sai ka ga robar ta kumburo ta tura wayar. Juyawar wayar ta sauko da soson, iskar ta gudu sama inda ruwa yake, ta huce ta tsuke, iskar waje ta danna robar ta lotsa ciki. Iska ɗaya ce fa, ba ta fita ba a ƙara wata, kai-komo kawai take tsakanin zafi da sanyi. Lanƙwasar da ke jan soson dole ta riga ta robar da kusan digiri 90, wato rubu'in zagaye, in ba haka ba ba zai yi gudu yadda ya kamata ba. Ranar da ya fara juyawa da kansa yana ɗan ƙara tik tik tik, robar na bugawa sama da ƙasa, wallahi na daɗe a tsugune ina kallo.

To daga ina aikin yake fitowa? Wannan ita ce tambayar da ta fi cin raina, don in iska ta tura fistin waje ai sai an sake matse ta ta dawo, kuma matsewar ma ƙarfi take ci. Amsar ita ce iskar tana buɗewa lokacin da take da zafi, matsinta na sama, ana kuma matse ta lokacin da ta huce, matsinta ya yi ƙasa. Abin da ta bayar wajen turawa ya fi abin da aka kashe wajen dawo da ita, rarar da ke tsakani ita ce take juya faifan. Iskar da aka rufe, in ta tashi daga digiri 27 zuwa 127 matsinta na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku. Injin mota mai bugu huɗu da Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876 ma hakan yake yi, yana matse iska da mai suna da sanyi, ya bar su su buɗe bayan sun kama da wuta.

Ƙarfin irin wannan ɗan injin kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ƙaramin yoyo a gefen robar ko ɗan guga a inda wayar ke juyawa ya isa ya tsayar da shi cak. Wannan kam aikin haƙuri ne da ɗigon mai, ba zan tsaya a kai ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. Injin na cikin gudu lafiya lau, kyandir na ci yadda yake tun farko, sai na ga gudun na raguwa a hankali a hankali har ya tsaya. Na sa yatsa a ruwan saman, ashe ya yi ɗumi sosai. Na zubar na sa ƙanƙara, ban taɓa wutar ba, ina murza shi sai ya kama gudu fiye da na farko. Ka ga kenan ba zafi kaɗai yake ci ba, bambancin da ke tsakanin zafi da sanyi shi ne abincinsa. In sama da ƙasa suka zama ɗaya, ko da duk sun yi jajir, babu abin da zai motsa.

Wannan ne ya kai ni ga Sadi Carnot, wani matashin injiniya Bafaranshe da ya yi rubutu a kan maganar a 1824, ya rasu a 1832 yana da shekara 36 kafin duniya ta san darajar abin da ya gano. Ya kwatanta zafi da ruwan da ke faɗowa daga tudu yana juya ƙafar injin niƙa, in babu gangara babu aiki. A zamaninsa ana ɗauka zafin duka yake wucewa ya fita ta ƙasa ba ya raguwa, sai daga baya James Joule ya nuna da gwaji cewa zafi da aiki abu ɗaya ne da ke sauya kama, jul (ma'aunin makamashi) kusan 4.2 ne ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Rudolf Clausius ya haɗa maganganun biyu a 1850: wani kaso na zafin ya zama aiki, sauran kuma dole a zubar da shi a ɓangaren sanyi. Dole fa, ba wai don maƙerin bai iya ba.

Lissafin ma mai sauƙi ne. Ka mayar da zafin ɓangarorin biyu zuwa ma'aunin Kelvin, wato ka ƙara 273 a kan digirin da ka sani, ka raba na sanyi da na zafi, ka cire abin da ka samu daga 1. A ce ƙasan gwangwani na kan digiri 200, sama na kan 60, wato 473 da 333, iyakar abin da kowane irin inji zai iya mayarwa aiki kusan kashi 30 cikin ɗari ne. Ka sauko da saman zuwa sifili da ƙanƙara, sai iyakar ta haura kashi 42. Abin da na gani da idona kenan a rubuce da lambobi. Wannan kuma rufi ne da ba a kaiwa, nawa injin yana can ƙasa nesa, don yawancin zafin kyandir ɗin ta gefe yake wucewa, wani kuma ya bi jikin gwangwanin ya hau sama kai tsaye ba tare da ya taɓa iskar ba.

Tun daga nan kallon da nake wa lagireto da salansa ya canza. Injin fetur na mota yawanci wajen kashi ɗaya cikin uku na makamashin man yake mayarwa aiki, sauran ta waɗannan hanyoyin biyu yake fita, kuma in babu mafitar injin ba zai yi aiki ba sam. Manyan injinan dizal na jiragen ruwa suna wuce kashi 50, tashoshin lantarki masu ƙona gas waɗanda ke sake amfani da zafin hayaƙinsu su tafasa ruwa su juya wani injin tururi suna kaiwa kashi 60 da ɗoriya. Ko James Watt ma abin da ya ɗaukaka shi a 1769 gyaran ɓangaren sanyi ne, injin tururin Newcomen na 1712 a silinda ɗaya yake ɗumamawa yake hucewa kowane bugu, Watt ya ware wurin hucewar tururin daban silindar ta zauna da zafinta, cin kwal ya ragu sosai.

Soson ƙarfen nan ma ashe ba kore iska kaɗai yake yi ba, kuma a ganina nan ne basirar Stirling ta fi fitowa. In iska mai zafi ta ratsa shi za ta sama sai ta bar masa wani zafin a cikin siraran zaren ƙarfen, in ta juyo da sanyinta ta karɓi abinta kafin ta isa wajen wuta, kenan kyandir ba ya sake biyan abin da aka riga aka biya. Na gwada cire shi na sa wani abu marar nauyi da iska ba ta ratsawa, injin ya juya amma gudun bai kai na da ba, ruwan saman kuma ya fi saurin ɗumi.

Yanzu wanda nake haɗawa shi ne irin mai faɗi ɗin nan da ake ɗorawa a tafin hannu ya juya da ɗumin jiki kawai. A ce tafin hannu na kan digiri 33 ɗaki kuma na kan 25, lissafin Carnot bai ba shi ko kashi 3 cikin ɗari ba, don haka silindar sai ta yi faɗi ta yi gajarta, bangonta kuma na roba ne don kar zafi ya bi ta jiki ya tsere, sannan inda wayar ke juyawa sai ya yi santsin da in ka hura faifan da baki zai motsa.