Koyar da kwamfuta tsara matakai: darussa daga ajin digiri na biyu a Kumasi

Ɗalibin da ya zo digiri na biyu a fannin ƙirƙirarriyar basira yawanci ya san A*, dabarar bincike da Hart da Nilsson da Raphael suka fitar a 1968, har ma yakan rubuta ta da ka. Inda yake tuntuɓe shi ne wajen bayyana wa kwamfuta duniyar da za ta yi aiki a cikinta. Shi ya sa, 'yan'uwa malamai, nake ganin makonnin farko na kwas ɗin su tafi a rubuta matsala da PDDL, harshen da Drew McDermott da abokan aikinsa suka tsara a 1998 don gasar manhajojin tsara matakai, kafin a taɓa dabarun bincike.

Asalin tsarin daga STRIPS ne, manhajar tsara matakai da Fikes da Nilsson suka yi wa mutum-mutumi Shakey a 1971. Kowane aiki yana da sharuɗɗa, da abin da yake ƙarawa, da abin da yake gogewa. Duk abin da ba a rubuta ba, ana ɗaukarsa babu shi. Tari na tubala yana da amfani don nuna matsalar Sussman, inda cika manufa ɗaya ke rushe wadda aka riga aka cika, amma kada a daɗe a kansa. A ba su abin da suka sani: aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) 5 masu kwashe kaya 30 daga kasuwar Kejetia zuwa unguwannin Aboabo, Asawase da sauran wurare, wuri 20 gaba ɗaya. Aiki uku sun isa: loda, tuƙa, sauke.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da gogewa. Ɗalibi ya rubuta cewa bayan tuƙi aboboya tana Aboabo, bai rubuta cewa ta bar Kejetia ba. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta fito da tsari gajere mai kyan gani, domin a wurinta aboboyar tana wuri biyu lokaci guda, tana loda a nan tana saukewa a can. Kuma VAL, manhajar da ake tantance tsari da ita, ba za ta kama wannan ba, tunda da bayanin da ɗalibin ya rubuta take aunawa. Maganinsa shi ne a fara da aboboya ɗaya, kaya ɗaya, wuri biyu, ɗalibi ya rubuta yanayin a takarda bayan kowane mataki. Sannan a ba shi manufar da ba ta yiwuwa, kamar kaya ɗaya a wuri biyu. In manhajar ta samo hanya, to akwai ɓaraka a bayanin.

Sai batun nau'o'i, wato a nuna wane abu ne aboboya, wanne ne kaya, wanne ne wuri. Kafin manhajar tsara matakai ta Fast Downward ta fara bincike, tana cike kowane gurbi na aiki da abubuwan da za su iya shiga. In an raba nau'i, tuƙi bai wuce aboboya 5 sau wurin tashi 20 sau wurin zuwa 20 ba, wato 2,000. In ba a raba ba, kuma babu sharaɗin da ya tsare, abu 55 ne ke neman gurbi uku: 166,375. A sa su yi wannan lissafin da hannunsu, daga nan sakamakon Bylander na 1994 kan tsananin wuyar matsalar zai zauna musu ba tare da dogon bayani ba.

Ƙiyasin nisa zuwa manufa shi ne zuciyar kwas ɗin. Dabarar FF ta Hoffmann da Nebel, ta 2001, tana yin kamar ba a goge komai, ta warware wannan sassauƙar matsalar, ta ɗauki tsawon amsar a matsayin ƙiyasi. Abin lura, kuskuren nan na sama ne aka mai da shi dabara da gangan, kuma ɗalibin da ya sha wahalarsa yakan fahimta nan take. Sai a ƙara man fetur a cikin matsalar. A sassauƙar duniyar mai ba ya ƙarewa, don haka ƙiyasin zai iya tura aboboya hanyar da ba ta da dawowa. Fast Downward ba ta karɓar adadi mai canzawa in ban da kuɗin aiki, saboda haka ko a rubuta man hawa-hawa, ko a koma Metric-FF, manhajar da ke karɓar irin wannan adadin. A kuma nanata cewa ƙiyasin FF yana iya zarce nisan gaskiya, don haka ko an haɗa shi da A* babu tabbacin tsari mafi gajarta.

Yanzu ɗalibai suna zuwa da tsarin da ChatGPT ya rubuta musu. Ban ga dalilin hanawa ba, sai dai kowane tsari ya bi ta VAL a kan bayanin malami, wanda aka riga aka gwada. Wajen ba da maki kuma, a gudanar da bayanin kowane ɗalibi a kan matsalolin da bai gani ba, har da waɗanda ba su da mafita, da iyakar minti 30 ga kowace kamar yadda aka saba a gasar.