Jirin da ke kama ni in na juya kai

Wallahi sati biyu da na juya a kan gado sai ɗakin gaba ɗaya ya kama juyawa, ga tashin zuciya, bai kai minti ɗaya sai ya lafa amma tsoron da na ji Allah kaɗai ya sani. Likita ya ce wasu ƴan ƙananan duwatsun kalsiyam ne a can cikin kunne suka bar mazauninsu. Ya koya min atisayen Epley, kunnen dama ne nawa, in zauna in juya kai dama digiri 45, in kwanta baya da sauri in tsaya sakan 30, in juya hagu, sannan in mirgina kan kafaɗar hagu in tashi a hankali. Farko jirin ƙaruwa ya yi har na riƙe katifa. Kwana uku, yau na yi sujada lafiya lau, Alhamdulillah.