Kolajin a Shagon Kayan Shafa

Sana'ata sayar da kayan shafa ce: man jiki, sabulai, turare, lalle, dilka da sauran kayan gyaran amare. Shagon yana nan kusa da Babbar Kasuwar Maradi, ni da yara mata biyu muke tsare shi. Yawancin kayan daga Kano nake saro su, a kasuwar Sabon Gari, su biyo ta Jibiya da Dan Issa. Waɗanda suke zuwa ta jirgin ruwa kuwa, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 suka bar hanyar Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Kwanakin hanya suka ƙaru, kuɗin mota ya hau, kuma a ƙarshe mai saye ce take biya.

A 'yan shekarun nan babu abin da ake tambaya kamar kolajin. Mace za ta shigo da waya a hannu, ta nuna miki bidiyon TikTok, ta ce irin wannan take so. Akwai shi a mai, a sabulu, a gari na sha, har da alewa. Da zarar an rubuta sunan a jikin roba, dillali zai ɗora jikka biyu ko uku a kan kuɗin. Ni kuma da nake son mai saye ta dawo, dole na san me nake miƙa mata.

Kolajin furotin ne da jiki yake ƙerawa da kansa, kuma shi ne ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum, kusan kashi ɗaya cikin uku. Yana cikin ƙashi, da jijiya, da guringuntsi, da kuma fata ta ciki, wadda ke ƙarƙashin wadda muke gani. Shi ke riƙe fata ta tsaya dam. Mu mutanen Maradi ma mun daɗe muna cin kasuwarsa ba mu sani ba, don fatar jar akuyar nan tamu da majema suke jemewa da bagaruwa, abin da ya rage a cikinta bayan an cire gashi kolajin ne. Tun mutum yana cikin shekarunsa na ashirin ƙerawar take fara ja baya, kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Mace idan al'ada ta ɗauke mata, raguwar takan yi sauri, ana kiyasta kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko. Daga nan tamoji da sakin fata suke fitowa.

To, na shafawa fa? Nan ne nake ɓata wa wasu rai. Ƙwayar kolajin babba ce ƙwarai. A ma'aunin da masana ke kira dalton, nauyinta ya kai wajen 300,000, alhali abin da ke iya ratsa fata cikin sauƙi bai cika wuce 500 ba. Kamar a ce gyaɗa ta bi ta rariyar tankaɗe ne. A sama yake tsayawa, ya riƙe danshi, fata ta yi laushi da sheƙi har zuwa lokacin da aka wanke. Wannan amfani ne, ban raina shi ba, musamman da hunturu in ƙafa ta fara kaushi, leɓe yana tsagewa. Amma man kaɗanya mai kyau ko gilisarin suna yin wannan aikin da kuɗi kaɗan. Don haka in yarinya ta tambaya, sai in ce: "Ɗiyata, zai tausasa miki jiki, amma ba zai shiga ciki ya gina komai ba." Wata ta saya duk da haka saboda ƙamshin, wata ta koma kan kaɗanya.

Kolajin na sha ya fi wuyar yanke wa hukunci. Shi an riga an farfasa shi ƙanana, in ya shiga ciki kuma hanji ya ƙara narkar da shi kamar kowane nama ko ƙwai, jiki ya kai inda yake da buƙata, ba lallai fuska ba. An yi gwaje-gwaje da suka nuna ɗan ƙarin danshi da taushin fata bayan wata biyu zuwa uku ana shan giram 2.5 zuwa 10 a kullum. Sai dai da yawa daga cikinsu kamfanonin da ke sayar da garin ne suka ba da kuɗin yinsu, ni kuma 'yar kasuwa ce, na san yadda mai kaya yake yabon kayansa. Ina ajiye kaɗan don masu hali da suka nace. Wadda take son cin bashi don ta saya, ina tuna mata cewa romon ƙafar sa da ganda kolajin ne da aka dafa. Wannan kamewar da romo yake yi in ya kwana, shi ne.

Akwai kuma maganar halal, wadda dillalai ba sa son a tayar. Ana samo garin ne daga fatar shanu, ko ta kifi, ko ta alade. In na ga "porcin", wato na alade, a jikin roba, ba ya shiga shagona. "Marin" na kifi ne, shi na fi ɗauka, ko da yake mai rashin jituwa da kifi sai ta kiyaye. Wanda bai faɗi asalinsa ba gaba ɗaya, ina mayar wa mai shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai zuwa neman kolajin alhali tana shafa man bilicin. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da magani mai ƙarfi na dangin sitiroid kamar kilobetasol, wanda yake hana fata ƙera kolajin ɗinta. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsattsaga hannu da cinya, ciwo ya ƙi warkewa. Sai ta zo da kuɗi a hannu tana neman abin da zai gyara. Irin wannan ba na sayar mata da komai, wajen likitan fata nake tura ta, don ko dainawar ma tana son a bi ta a hankali. Wata ta ji, wata ta tsallaka shagon gaba, inda ake haɗa mai a bokiti ba suna ba kwanan wata.

Rana ita ma tana cinye kolajin, kuma zafin watan Afrilu a nan ba sai an ba kowa labari ba. Duhun fatarmu yana kare mu, amma ba duka ba, balle wadda ta riga ta kankare nata. Hayaƙin taba da shisha haka, yawan sukari haka. Jiki kuma ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C, shi ya sa nake yi wa amare nasiha da gwaiba, lemun tsami, tattasai da kwaɗon zogalen Jiratawa, tun kafin mu zo kan dilka. Maganin shafawa da aka tabbatar yana sa fata ta ƙara ƙera kolajin shi ne dangin bitamin A, irin su tiretinoyin, amma wannan na likita da farmasi ne, kuma mai ciki ba ta taɓa shi.

Yanzu kaka ta gabato, bukukuwa za su yi yawa, hunturu na biye. A sarin da zan yi na gaba na rage katan ɗin man kolajin, na ƙara na kariyar rana da kaɗanya. Dillalina na Kano ya kira yana cewa, "Hajiya, ana rububin kaya ke kina ragewa?" Na ce ya turo mini hoton bayan robar sabon garin da yake talla tukuna, in ga daga wace dabba aka samo shi da ranar da zai lalace, sannan mu yi maganar farashi.