Inda Na Kai a Koyon Kiyaye Iyakokin Tsayi Bayan Tashin Jirgi

'Yan'uwa masu koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ina yi muku sallama daga Sakkwato. Tun shigowar hunturu na ajiye atisayen sauka, na mayar da hankali kan tsarin tashi da na'ura da ake kira SID, wato hanyar da aka zana a taswira wadda jirgi ke bi bayan ya tashi, musamman lambobin tsayin da ake rubutawa a gefen zangunan hanya. Hazon wannan lokaci ya taimaka, domin idan na sa manhajar kwaikwayon tuƙi ta X-Plane ta ɗauko yanayin gari na zahiri, da zarar jirgi ya bar titin filin Sultan Abubakar III sai ƙasa ta ɓace, ba abin dogaro sai agogunan da ke gaban matuƙi.

Karatun taswira bai ɗauke ni lokaci ba. Lamba mai layi a ƙarƙashinta tana nufin a ratsa zangon a wannan tsayi ko sama da shi, mai layi a samanta tana nufin a wannan tsayi ko ƙasa da shi, mai layi sama da ƙasa kuwa tana nufin daidai wannan tsayi. A kwamfutar jirgin Boeing 737 za ku ga 5000A ko 7000B, ma'anar ita ce dai: A na nufin "ko sama", B kuwa "ko ƙasa". Abin da ya fi daraja shi ne sanin dalilin kowace iyaka, domin iyakar ƙasa, wato tsayin da ba a so jirgi ya gaza kaiwa, galibi tana kare jirgi ne daga duwatsu da dogayen turaku ko tana rage wa mazauna gari ƙara, iyakar sama kuwa, wato tsayin da ba a so ya wuce, tana raba shi da wasu jiragen da ke wucewa a bisa kansa. Iri biyun nan ba hanya ɗaya ake bi a kiyaye su ba.

Iyakar ƙasa lissafi take so, kuma a ƙasa ake yin sa kafin a kunna inji. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ita ce jirgi ya hau aƙalla kashi 3.3 cikin ɗari na tazarar da ya ci, wanda ya yi daidai da kimanin ƙafa 200 a kowane mil na teku, sai fa inda taswira ta nemi fiye da haka. Matsalar ita ce agogon jirgi ba ya nuna ƙafa a mil, ƙafa a minti yake nunawa, saboda haka dole a juya: a ninka ƙafar da ake nema a mil da gudun jirgi a kan ƙasa, a raba da 60. Na ƙirƙira wa kaina wani atisaye a nan filinmu, wanda ba tsarin hukuma ba ne, na sa zango a mil 8 daga ƙarshen titi, na ce a ratsa shi a ƙafa 4,000 ko sama. Filin yana wajen ƙafa 1,000 daga doron teku, ke nan ana neman ƙafa 3,000 cikin mil 8, wato ƙafa 375 a kowane mil. Jirgin da ke gudun noti 180, wato mil 180 na teku a awa, yana buƙatar ƙafa 1,125 a minti, wanda ke gudun noti 240 kuwa 1,500. Ga darasin da ya zauna mini: ƙara gudu da wuri yana ƙara nauyin da ke kanka, haka ma iskar da ke turo jirgi daga baya.

A nan ne zafin Sakkwato ya shigo maganar. A tsarin yanayi na ma'auni, wurin da ke ƙafa 1,000 ana sa ran zafinsa digiri 13 ne, mu kuwa a watan Afrilu digiri 42 ba baƙon abu ba ne da rana. Kowane digiri ɗaya na ƙari yana sa jirgi ya ji kamar an ɗaga filin da kimanin ƙafa 120, saboda haka a irin wannan rana fuka-fuki da inji suna aiki ne tamkar filin yana wajen ƙafa 4,500. Na gwada atisayen da ƙaramin jirgi Cessna 172, wanda ke hawa a gudun da bai wuce noti 75 ba, inda lissafi ya nemi kusan ƙafa 470 a minti. Da sanyin asuba ya tsallake zangon da rara mai yawa. Da na mayar da zafin zuwa 42 na cika shi da mai da fasinja, sai ya koma kamar motar albasa a kan tudu, allurar tana lilo a bakin abin da ake nema. A ganina, matuƙin da ya ga rarar ta yi ƙanƙanta haka ya kamata ya gaya wa jami'in hasumiya tun kafin ya hau titi cewa ba zai iya ba, a ba shi wata hanya, maimakon ya gano hakan saura mil biyu.

Iyakar sama kuwa babban jirgi mara nauyi ne take kamawa. Domin wannan na koma filin Heathrow na Landan, inda tsare-tsaren tashi suke tsayawa a ƙafa 6,000, saboda jiragen da ke jiran sauka suna kewaye a Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, ƙafa dubu ɗaya kacal sama da haka a mataki mafi ƙasa. Jirgin 737 da bai cika ba yana iya hawa fiye da ƙafa 3,000 a minti, ke nan cikin daƙiƙa shida ya ci ƙafa 300, wanda shi ne mizanin da ake ɗaukar matuƙi ya ƙetare tsayin da aka ba shi. Shawarar ICAO ita ce a rage hawa zuwa ƙasa da ƙafa 1,500 a minti a cikin ƙafa dubun ƙarshe idan akwai wani jirgi kusa, don kada na'urar gargaɗin karo ta TCAS ta yi kuka ba dalili. Yanzu hannuna ya saba da wannan.

Na'urar tuƙi da kanta tana da tarkon da ya kamata kowa ya sani. A Boeing, yanayin hawa da ake kira VNAV yana girmama iyakokin da ke cikin kwamfutar jirgi, amma wanda ake kira LVL CHG ba ruwansa da su, lambar da matuƙi ya sa a tagar tsayi kawai yake nema. A Airbus tura maɓallin tsayi yana kiyaye iyakokin, jawo shi kuwa yana watsar da su. Motsin yatsa ɗaya ne tsakanin biyun, shi ya sa nake karanta abin da allon ya rubuta da babbar murya duk lokacin da na taɓa wani maɓalli, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Sai batun saitin ma'aunin tsayi. A Landan ana komawa ma'aunin matsin iska na bai-ɗaya, wato 1013, ne bayan ƙafa 6,000, a Amurka kuwa sai ƙafa 18,000, kuma kowane filin jirgi yana rubuta nasa a taswira. Idan matsin iskar gari 993 ne aka ba ka mataki na 80, wato ƙafa 8,000 a ma'aunin 1013, ka manta ba ka juya ba, za ka tsaya fiye da ƙafa 500 sama da inda aka sa ka, alhali allura tana nuna maka komai daidai.

Inda har yanzu nake tafiya a hankali shi ne lafazin rediyo, wanda nake gwadawa a dandalin VATSIM da mutane na gaske a matsayin jami'an hasumiya. Tun Nuwamban 2016 ICAO ta tsayar da cewa idan aka ce ka hau zuwa wani tsayi bisa tsarin SID, iyakokin da ke taswira suna nan daram har sai jami'i ya soke su da bakinsa. A Amurka kuwa umarnin "hau ka tsaya a kaza" shi kaɗai yana soke iyakokin tsayin, Ingila kuma tana da nata lafazin na "hau yanzu". Saboda wannan saɓani, duk umarnin da ya zo mini da ruwa biyu nakan nemi a fayyace shi kafin in taɓa tagar tsayi.

Abin da ke gabana shi ne mutuwar inji ɗaya bayan tashi, domin lambobin SID an tsara su ne bisa cewa duk injuna suna aiki, kuma kamfanonin jirage suna da tasu hanyar ta daban domin irin wannan hali. Zan fara da 737 cike da kaya irin na jigilar alhazai, a zafin digiri 42, a kan wannan zango na mil 8. Wanda yake da X-Plane ko Microsoft Flight Simulator ya gwada da saiti iri ɗaya, ya rubuta tsayin da ya ratsa zangon da gudunsa a kan ƙasa, mu kwatanta.